Ɗinkin Ba Ajimi a Ƙirjin Shamuwa

Duk wanda ya san unguwar Lamisula tun kafin shagunan cajin waya su cinye ta ya san rumfar Ba Ajimi baduku, wadda ke jingine da bangon wani tsohon gida kusa da injin niƙa. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi zaune a wurin, buzu biyu sun ƙare a ƙarƙashinsa, yana kan na uku. A da kube yake ɗinkawa, da gafaka, da takalman fata masu ado waɗanda ango ke sawa yana tafiya a hankali don a gani. Yanzu kuwa abin da ake kawo masa jakar makaranta ce da ta yage, da silifa ɗan roba, sai kujerar Keke Napep idan soso ya leƙo. Yana karɓa, yana ɗinkawa, yana tsaki, ya gaji da aikin amma bai san wani ba.

Abu ɗaya yake taƙama da shi a duniya: ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Mahaifinsa ne ya dasa masa wannan. Lokacin da yake koyo, in ya gama ɗinki tsohon zai karɓa, ya take gefe ɗaya da ƙafa, ya ja ɗayan da hannu biyu. In ya ɓalle, ya jefo masa a fuska. In bai ɓalle ba, ya ajiye ya ɗauki wani abu, bai ce uffan ba. Har tsohon ya koma ga Allah, Ajimi bai taɓa jin yabo daga bakinsa ba, kuma ya girma ya tsufa yana ɗinki kamar har yanzu akwai mai zuwa ya ja.

Wata ranar bazara, shekara shida ke nan, wata mata mai tabarau ta tsaya a bakin rumfar, ta gaishe shi da ladabi.

"Wushe, Baba. Kai ne Ba Ajimi?"

Bai ɗago ba ya ce, "In jaka ce ajiye, ki dawo jibi."

"Ba jaka ba ce. Shamuwa nake so mu yi wa ɗamara."

Nan ya ɗago. Ta ce sunanta Dakta Phebe Dzarma, 'yar kudancin Borno ce, tana koyarwa a jami'a, kuma aikinta binciken tsuntsaye. Ta buɗe wani ɗan akwati ta fito da na'urori shida, kowace ba ta fi kwalin ashana ba, da ɗan farantin sola a samanta da wata siririyar waya a bayanta kamar tsinken tsintsiya. Ta ce in an ɗaura wa shamuwa wannan a gadon baya, zai riƙa ƙirga bugun fiffikenta, ya auna zafin jikinta, ya faɗi inda ta sauka da inda ta kwana, duk ya aiko cikin kwamfutarta. Kowa a ƙasar nan ya san shamuwa tana zuwa da damina, amma in ruwa ya ɗauke ba wanda zai ce ga inda ta nufa, ga abin da tafiyar ke ci a jikinta. Abin da ya kawo ta wurinsa igiyoyin da za a ɗaura na'urorin da su ne. Tana da wani lallausan ƙyalle mai santsi da ba ya cin fata, tana neman hannun da zai yanka shi ya ɗinka shi daidai ƙirar tsuntsuwa.

Ba Ajimi ya ji daɗi, ya kuwa ɓoye. Rabon da a kawo masa aikin da ke bukatar tunani har ya manta. Sai dai daɗin bai je ko'ina ba, don Dakta ta sake sa hannu a jaka ta fito da ƙullin zaren auduga, irin wanda mata ke ɗinke bakin zani da shi.

Ta ce, "Ko'ina ka ɗinka da ƙarfi yadda ka saba. Amma a ƙirji, inda igiyoyin huɗu suka haɗu, da wannan za ka yi. Ɗinki uku kawai."

Ya ja zaren da yatsa biyu, ya tsinke. "Wannan? Dakta, wannan ko damina biyu ba zai yi ba."

"Abin da nake so ke nan, Baba. Rana ta buge shi, ruwa ya jiƙa shi, cikin shekara biyu ya ruɓe, kayan su faɗi da kansu. Ba za mu iya sake kama ta mu cire ba."

"Wato ki kawo mini aiki, ki ce in yi shi don ya lalace."

"Don ya lalace a kan lokaci," in ji ta.

Ya ɗinka biyar tana zaune a kan benci tana kallo, kowane ɗinki na audugar nan yana ji kamar ana zaginsa. Ana cikin na shida aka kira ta a waya, ɗalibai suna jiranta, ta ce za ta aiko a karɓa. Tana juya baya hannunsa ya tafi wurin zaren roba na ɗinkin takalmi, ya goga masa kakin zuma, ya yi wa mahaɗar ƙirjin nan ɗinki goma sha huɗu, ƙanana, a jere. Sa'an nan ya bi samansu da audugar sau uku don kada a gane. Ba mugunta ce ta sa shi ba. Cewa ya yi a ransa ko ɗaya daga cikin shidan ya zama aikin Ajimi na gaske, kuma me matar boko ta sani game da ɗinki? In za a faɗi gaskiya, tsoron wani tsoho ne da ya shekara ashirin a kabari.

A ƙauyen Zabarmari aka ɗaura su. Akwai wata tsamiya a ƙofar gidan Malam Hashim, manomin shinkafa, wadda shamuwa ke sheƙa a kai tun zamanin kakansa. Malam Hashim bai so ba ko kaɗan. A wurinsu shamuwa baƙuwa ce mai alfarma, ba a jifanta, ba a taɓa ƙwanta, har tsohon kwando yakan sa a saƙala a reshe don ta samu gindin sheƙa. Sai da Dakta ta yi ta zarya, ta yi masa alkawari a gaban mutane cewa shekara biyu ne kawai kayan za su sauka da kansu, kafin ya ce to.

An tafi da Ba Ajimi don ya daidaita igiyoyin a jikin kowace. Aka shimfiɗa raga a fili, aka zuba fara mai rai, aka yi ta jira. Kwana uku ana abu ɗaya kafin shida su cika. Ta ƙarshen ita ta samu ɗamarar nan, kuma shi ya riƙe ta. An rufe mata kai da safa don ta natsu. Ya ji ƙirjinta a tafin hannunsa, da zafi, zuciyar tana bugawa da sauri, ga kuma ɗinkinsa daidai wurin. Lokacin magana ke nan in da zai yi. Ya dubi Dakta tana rubutu a takarda, ya dubi Malam Hashim da ya harɗe hannu yana kallo, sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Aka zare safar, tsuntsuwar ta yi taku uku ta tashi.

Shekarar farko daɗi ne zalla. Dakta kan biyo ta rumfar da kwamfutarta ta nuna masa taswira, ɗigo-ɗigo ja a jere sun gangara kudu, sun ratsa Kamaru, sun tsallake dazukan Kwango, har wata ƙasa wai ita Zambiya. Ta nuna masa ranar da suka yi tafiya tun hantsi har la'asar ba su sauka ba, da yadda suke hawa iska mai zafi su yi ta shawagi don su huta da kaɗa fiffike. Ba Ajimi, wanda iyakarsa Kano, ita ma sau ɗaya, ya koma gida ya ce wa matarsa Ya Fanna ɗinkinsa ya je inda fasfo ma sai ya yi da gaske. Ya Fanna, wadda ke soya fara tana sayarwa a ƙofar gida, ta ce ita dai tausayin tsuntsuwar take ji, an ɗora mata goyon da ba ita ta haifa ba. Tun daga ranar suke kiranta mai goyo.

Cikin shekara ta biyu da farkon ta uku kayan suka fara faɗuwa. Ɗaya a Kwango, ɗaya a wata gona a Chadi, ɗaya ma a gindin tsamiyar Malam Hashim aka tsince shi. Biyar suka sauka kamar yadda aka tsara, ta shida ta dawo da nata daram. Dakta ta ce ikon Allah, wataƙila wannan audugar ta fi sauran ƙwari. Ba Ajimi ya sunkuyar da kai yana goga kaki a zare, kuma abin kunya ne a faɗa, amma murna ya yi.

Murnar ta ƙare a shekara ta huɗu. Shamuwa suka iso, aka yi ruwan fari, aka yi shuka, mai goyo ba ta zo ba sai bayan mako uku. Dakta ta zo rumfar ta zauna a bencin nan, ta nuna masa wasu layuka da bai gane ba, ta fassara masa. Tsuntsuwar tana sauka sau da yawa fiye da da. Tana kaɗa fiffike da yawa, tafiyar kuma kaɗan. In ta sauka takan daɗe tana juya kai baya, na'urar tana jin motsin, alamar tana caccakar wurin. Bayan wata biyu na'urar ta mutu gaba ɗaya, ta zama kaya kawai. Malam Hashim kuwa ya tare Dakta a gaban jama'a ya ce ta yi masa ƙarya, ya ce daga ranar kada ɗalibinta ko ɗaya ya sake tsayawa a inuwar tsamiyarsa.

Ba Ajimi ya daina cin abinci sosai. Ya Fanna ta lura, don zaman aure na shekara talatin da biyar ba wasa ba ne. Wata rana da hantsi tana tsince fara a faranti, ba tare da ta dube shi ba ta ce, "Ɗan mutum ma shekara biyu ake goya shi a sauke. Wannan baiwar Allah shekara huɗu. Ko wane ne sila, Allah zai tambaye shi."

Washegari ya rufe rumfa ya hau Keke zuwa jami'a, wurin da bai taɓa shiga ba. Ya samu ofishinta da tambaya, ya ƙi zama, ya faɗa mata abin da ya yi a tsaye, har yawan ɗinkin. Ya shirya wa faɗa, ya ma fi son a yi masa. Dakta ta cire tabarau ta dafe idanunta da yatsu.

Ta ce, "Shekara biyu ina zargin kaina, Baba. Na ce ko ni na auna igiyar ba daidai ba. Na kuma rubuta cewa tsufa ne ke rage mata ƙarfi, har na aika a buga. Yanzu sai in bi in janye."

"Ki yafe mini, Dakta."

"Ni mai sauƙi ce. Ba a jikina yake ba."

Ya ce, "Malam Hashim fa?"

"Wannan bakinka ne zai faɗa, ba nawa ba."

Bakin kuwa ya ƙi. Abin da ya iya shi ne zuwa wurin Malam Hashim ya ce shi baduku ne, ya san yadda ake kwance irin kayan nan, a bar shi ya gwada. Malam Hashim ya ce shi dai ba ruwansa da 'yan boko, amma dattijo irinsa ba a hana shi. Daga nan duk damina, duk Asabar, Ba Ajimi kan rufe rumfa ya ɗauki ragar da Dakta ta ba shi, da ƙullin fara mai rai da Ya Fanna ke ware masa, da ɗan almakashi a aljihu. Ya hau mota, a sauke su a shingen bincike, a duba ƙullin fara a yi masa dariya, a sake hawa. Ya shimfiɗa raga ya zauna a bayan kunyar gona yana riƙe da igiya har rana ta take, ya tattara ya kamo hanya kafin a rufe ta.

Shamuwa kuwa ba wawaye ba ne, balle wadda ta taɓa shiga hannu. Sauran sukan sauko su ci farar, wasu har su taka ragar, shi kuwa ba su yake so ba. Mai goyo takan tsaya can nesa a kan tudu, da tsinken wayarta a baya, ta karkata kai tana kallonsa da ido ɗaya. Ya gwada canza riga, ya gwada rufe ragar da ciyawa, ya gwada kwaɗi maimakon fara. Damina biyu ya yi a haka. Gwiwoyinsa suka fara ƙara, idonsa ya fara hazo har zura zare a basilla ya zama aiki. Masu kawo gyara suka koma wurin wani mai injin ɗinki a bakin titi, don ba a samun sa ranar Asabar. A tsakani kuma ambaliya ta ci gari, ta shiga rumfarsa ta kwana biyar. Da ruwa ya janye ya tarar fatun duk sun ruɓe, suna sulɓewa a hannu, amma ɗinkin da ke jikinsu yana nan cur. Ya tsaya yana kallon zaren, sa'an nan ya kwashe ya zubar.

A farkon damina ta shida ya ce wa Ya Fanna bana ba zai iya ba, ƙafa ta ƙi. Ta ce to. Ta dai ci gaba da ware farar, shi kuma ya ci gaba da zuwa.

Ba ragarsa ce ta kama ta ba a ƙarshe. Wata safiyar Talata, bayan an kwana ana ruwa da iska, Malam Hashim ya kira shi a waya. Ya ce ya fita duba shinkafa ya tarar da ita a cikin taɓo, ta kasa tashi, ya lulluɓe ta da mayafi ya kawo ta gida. Ba Ajimi ya kira Dakta, ta zo da motarta ta ɗauke shi. Suka kama hanya har suka isa. Malam Hashim ya ga Dakta ya ɗaure fuska, amma ya matsa ya ba ta hanya.

A zaure suka same ta, a kan buhu. Dakta ta rufe mata kai da safa kamar wancan karon, ta kama fikafikan, Ba Ajimi ya durƙusa da ƙyar ya ɗago ta. Bai taɓa zaton abu mai rai zai yi rashin nauyi haka ba. Ya buɗe gashin ƙirjin da yatsa. Audugar nan uku ta tafi tun tuni, ko alamarta babu. Ƙarƙashin igiyoyin gashi ya ƙare, fatar ta yi kanta, ta yi baƙi ta taurare, a gefe ɗaya kuma ta tsage tana ruwa. Shi da ya yi rayuwarsa yana taɓa fata, ya san wadda ta sha wuya in ya taɓa. Hawaye ya zo masa, ya share da kafaɗa don hannuwansa ba su da sarari.

Almakashin ya ƙi shiga, igiyar ta nutse cikin nama, in ya matsa zai yanke ta. Sai ya zaro basilla ya shiga warware ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, abin da bai taɓa yi wa aikinsa ba tunda aka haife shi. Zaren yana gardama, idonsa yana hazo, Dakta tana haska masa da waya ko da yake rana ce. Ya ƙirga su a ransa har goma sha huɗu. Igiyoyin huɗu suka rabu, na'urar ta zame ta faɗi a kan buhu da ɗan ƙara.

Dakta ta wanke ciwon ta shafa magani, suka fito da ita gindin tsamiya suka zare safar. Ba ta tashi ba. Ta tsaya a kan dogayen ƙafafunta tana rangaji, ta girgiza jiki, sa'an nan ta juya kai baya ta kai baki daidai inda kayan suke a da, ta caccaki wurin da babu komai. Ta sake yi. Malam Hashim ya tambaya ko za ta iya tafiya in kaka ta yi. Dakta ta ce ba ta sani ba, kuma wannan karon babu abin da zai gaya mata.

Malam Hashim ya koma zaure ya ɗauko ɗamarar, yana juya ta a hannu. Warwarar ba ta taɓa sauran ɗinkin ba, kuma a mahaɗar ƙirjin ga ramukan basilla nan goma sha huɗu a jere, tazararsu ɗaya, ga guntun zaren yana ƙyalli da kakinsa. Ya take gefe ɗaya da ƙafa ya ja ɗayan da hannu biyu, don ya ga ƙarfin abin da ya wahalar da baƙuwarsa. Ko motsi bai yi ba. Ya girgiza kai, haushi da mamaki suka haɗu a fuskarsa.

Ya ce, "Shekara shida, rana da ruwa, har bangon duniya da dawowa, ko zare ɗaya bai tashi ba. Kai, Ba Ajimi, kai da ka san sana'ar, dubi nan. Ko wane ne ya yi wannan ɗinki, wallahi ya iya."

Dakta ta kawar da kai tana kallon gonaki. Ba Ajimi yana durƙushe har yanzu, gwiwa ta hana shi miƙewa. Shekara hamsin yana jiran ya ji wannan kalma daga bakin wanda ya take aikinsa ya ja. Ya dubi tsuntsuwar, tana ta neman kayan a bayanta.

Ya ce, "Ni ne, Malam Hashim. Zauna in gaya maka."